Yadda za ka fara tara tsofaffin kuɗin azurfa na ƙasashen bishop-bishop da Paparoma ba tare da an sayar maka da jabu ba

Kafin ka fitar da ko yuro ɗaya sai ka fara sanin su wane ne ma suka buga kuɗin nan, domin rabin damfarar da ake yi wa sabon shiga daga rashin sanin wannan take farawa. A Turai, tun daga wajen 1500 har zuwa farkon shekarun 1800, akwai ƙasashe da yawa waɗanda sarkinsu malamin coci ne. Bishop ne amma yana da sojoji, yana karɓar haraji, yana yanke hukunci, kuma yana da gidan buga kuɗi nasa na kansa. Yawancinsu suna cikin daular nan da ake kira Daular Rum Mai Tsarki, wato yankin da yau ya zama Jamus da Ostiriya da Cek da wani ɓangare na Beljiyam. Akwai Salzburg, akwai Würzburg, Bamberg, Münster, Eichstätt, Paderborn, Hildesheim, Liège, Olmütz, sai manyan nan uku Mainz da Trier da Köln waɗanda akbishop ɗinsu, wato babban bishop, na cikin masu zaɓen sarkin daular gaba ɗaya. Har gidajen sufaye irin su Fulda da St. Gallen sun buga nasu, kai har mata ma, shugabar gidan sufaye mata ta Quedlinburg tana da kuɗinta. Can kudu kuma ga ƙasar Paparoma a tsakiyar Italiya, ga mayaƙan coci na tsibirin Malta.

Sarautar ba ta gado ba ce, zaɓe ake yi, manyan limaman babban cocin garin su ke zama su fitar da sabo idan na kai ya mutu. Wannan ya sa kowane sabon bishop yakan zo da tambarin gidansu daban, kuma shi ne abin da ke sa tara kuɗin nan daɗi. A 1803 aka rushe kusan dukkan na Jamus saboda rikicin zamanin Nafoliyon, aka raba ƙasashensu ga sarakunan da ba na coci ba. Ta Paparoma ce ta yi ta jan ƙafa har 1870. To ka riƙe 1803 a ranka, in wani ya nuna maka tala, wato babbar kwandalar azurfa, ta "Bishop na Würzburg" mai ɗauke da 1850 ka san ko dai lambar tunawa ce ko kuma maƙeri ne ya yi aikinsa.

Shawarata ta farko, kuma ita ce babba a duk rubutun nan: ka zaɓi gida ɗaya ka tsaya a kansa. Ƙasashen nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, in ka ce yau Malta gobe Trier jibi Bologna ta ƙasar Paparoma, za ka tashi da tarkace a kwali kuma babu ko ɗaya da ka sani sanin da za ka iya gane na gaske da na bogi. Amma in ka ɗauki gari ɗaya, bayan ɗan lokaci idonka zai saba da yadda haruffansu suke, yadda gefen kuɗin yake, nauyin da ya kamata, har ka kai inda kana ganin hoto a waya za ka ce a'a wannan da sake.

Ni dai Salzburg nake ba sabon shiga. Dalili kuwa, sun buga kuɗi da yawa sosai saboda ƙasar mai arziki ce, suna da gishiri a Hallein, suna haƙo zinariya da azurfa a kwarin Gastein da Rauris, don haka har yau kuɗinsu na yawo a kasuwa ba su yi tsadar hauka ba. Kuma jerin sarakunansu a miƙe yake. Daga Wolf Dietrich von Raitenau da ya hau a 1587 zuwa Hieronymus von Colloredo wanda a hannunsa mulkin ya ƙare a 1803, mutum 12 ne cif. Ka ga nan ka samu buri mai iyaka: kwandala ɗaya daga kowane akbishop. Paris Lodron, wanda ya yi mulki daga 1619 zuwa 1653 ya kuma tsare ƙasarsa daga yaƙin shekara talatin, kuɗinsa ba su da wahalar samu, har da talar 1628 ta bikin buɗe babban cocin garin. Na Max Gandolf da Johann Ernst von Thun su ma ana samu. Colloredo kam shi ne mafi sauƙi, shi ne fa ubangidan mawaƙin nan Mozart da suka rabu dutse a hannun riga. Inda za ka sha jira shi ne Jakob Ernst von Liechtenstein, daga 1745 zuwa 1747 kawai ya yi, bai samu lokacin buga da yawa ba.

Kuma kar ka fara da tala. Na san ita ce ke ɗaukar ido, ƙatuwa mai faɗin kusan milimita 40 zuwa sama, amma ka fara da ƙanana masu ƙirgen kuroiza, ƙaramin kuɗin lokacin: kuroiza 3, kuroiza 15, kuroiza 20 ta ƙarshen ƙarni na 18. Waɗannan da yuro gomomi kaɗan ake samunsu, ita kuwa tala ko wadda ta fi yawa a kasuwa sai ka shirya yuro ɗari zuwa ɗaruruwa. In ka yi kuskure a ƙaramar ba za ka kwana kana juyi ba, kuma darasin iri ɗaya ne.

Sai karatu. Kuɗin nan karanta su ake yi, rubutun Latin ne a gajarce yana zagaye bakin kwandalar, da farko za ka ga kamar an watsa haruffa ne kawai amma kalmomin ba su da yawa kuma su ne dai ake ta maimaitawa. D G na nufin da yardar Allah. EPS ko EPISC bishop ke nan, ARCHIEP ko AR EPS akbishop. S R I PR na nufin basarake a Daular Rum Mai Tsarki. SAL ko SALISB Salzburg, HERB Würzburg (wannan na rikita mutane domin sunan Latin ɗin garin daban ne), MOG Mainz, TREV Trier, LEOD Liège, OLOM Olmütz. A na Paparoma za ka ga PONT MAX ko P M, sai AN ko A da lambar Rumawa a gaba, wadda shekarar mulkinsa ce ba shekarar miladiyya ba. Misali Innocent na 11 ya hau a 1676, in ka ga A III to kana tsakanin 1678 da 1679 ke nan. Wasu suna ɗauke da duka biyun, kuma in lissafin bai haɗu ba sai ka tsaya ka bincika kafin ka biya.

Tambarin ma magana yake. A na bishop-bishop ɗin Jamus sau da yawa za ka ga takobi da sandar kiwo sun gitta a bayan garkuwa, takobin mulkin duniya, sandar kuma jagorancin addini, wato mutumin na gaya maka duka biyun a hannunsa suke. Wani lokaci hula mai faɗi da igiyoyi masu tuntaye na sauka ta gefe biyu. Na Paparoma makullai biyu ne a gicciye da doguwar hula mai hawa uku. Mainz ƙafar keke ce tambarinsu. Urban na 8 ƙudan zuma uku na gidan Barberini. Kowane gari kuma da waliyyinsa: Rupert a Salzburg yana riƙe da ɗan gangan gishiri, Kilian a Würzburg, Lambert a Liège, Willibald a Eichstätt, Bulus a Münster, Bitrus a Trier. In rubutu ya goge, waliyyin da tambarin su za su gaya maka daga ina kuɗin ya fito. Kuma tunda maganar ta zo, eh, akwai hotunan mutane da gicciye a jikin mafi yawansu, wanda yake da damuwa kan ajiye irin wannan a gida ya tambayi malaminsa tun kafin ya sa kuɗinsa, kar sai ya tara ya dawo yana neman mai saye da gaggawa.

Yanzu nauyi, nan ne ake kama ɓarawo. Akwai ma'auni biyu da dole ka haddace. Talar daular da aka tsayar a dokar 1566 nauyinta giram 29.2 ne, azurfa kashi 889 cikin dubu. Daga 1753 kuma aka koma talar yarjejeniya tsakanin Ostiriya da Bavariya, giram 28.06, azurfa 833 cikin dubu, kuma da yawansu an rubuta musu X EINE FEINE MARK, ma'ana guda goma ke fita daga ma'aunin azurfa zalla ɗaya na Köln. Kuroiza 20 ta wannan tsarin giram 6.68 ce. A Rum, birnin Paparoma, kuwa babbar su fiyastara tana kai wajen giram 32, testone wajen giram 9, giulio wajen 3. Kwandalar da ta yi yawo hannu da hannu za ta iya rasa ɗan abin da bai kai rabin giram ba, wannan ba komai. Amma tala ta zo maka da giram 24 ko 25, ka mayar wa mai ita kawai ba sai an yi doguwar magana ba.

Abin da zai taimake ka a nan, wataƙila ma yana cikin gidanku. Liyarin nan mai hoton Mariya Tereza da 1780 a jiki, wadda ta yi yawo a kasuwannin Kano da Borno da Agadas, iyayenmu mata suka yi ado da ita, maƙera suka narka ta suka yi mundaye da zobba, to daidai ma'aunin talar yarjejeniya take, giram 28.06 da azurfa 833. Ba kuɗin coci ba ce, ta sarauniyar Ostiriya ce, kuma 1780 ɗin ba ya nufin a shekarar aka buga ta domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zuwa yau a Biyana, babban birnin Ostiriya. Kar wani ya sayar maka da ita da sunan abin tarihi mai wuyar samu. Amma a matsayin abin gwaji ba ta da na biyu: ka samu ta gaske ɗaya, ka ɗora a sikeli, ka ji nauyinta a tafin hannu, ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa ka ji ƙarar nan mai tsawo. Duk talar Colloredo ko ta Eichstätt ta bayan 1753 da ta zo hannunka haka ya kamata ta kasance.

Kayan aikin ba su da yawa. Sikelin dijital mai auna har 0.01 na giram irin na masu sayar da zinari, ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, gilashin ƙara girma mai ninki goma, da ɗan mayen ƙarfe mai ƙarfi. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, in ya manne to magana ta ƙare. In ka karkata kwandalar ka sako shi a kanta, a kan azurfa a hankali yake zamewa kamar ana riƙe shi, sai dai jan ƙarfe ma yana yin kusan haka don haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba. Wanda ya fi shi shi ne gwajin ruwa: ka auna kwandalar a bushe ka rubuta, ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da zare siriri ka nutsa ta ba tare da ta taɓa ƙasa ko gefen kofin ba, ka rubuta abin da ya nuna, sai ka raba na farko da na biyu. Azurfa 833 za ta ba ka wajen 10.2, ta 889 wajen 10.3. Tagulla da aka shafa wa ruwan azurfa ba za ta kai 9 ba. Ka shanya ta da kyalle mai laushi nan take, dannawa ake yi ba gogewa ba.

Da gilashin kuma abin da kake nema alamun zubi ne. Kuɗin gaske buga shi aka yi da hatimi, haruffa na fita da kaifi, filin da ke tsakaninsu sumul. Na jabu da yawa narkawa aka yi aka zuba a mazubi, sai ka ga ƙananan ramuka kamar ƙurajen fuska, haruffa sun yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa, wani lokaci har da layin haɗi a gefe ko alamar an goge shi da zarto. Akwai kuma na zamani da ake bugawa da inji ana sayarwa a intanet da sunan kwafi, daga baya wani ya sa musu baƙi ya ce gadon kakansa ne. Su waɗannan sukan yi kyau fiye da kima, da'irarsu cif kamar naira, kuma in ka bincika za ka ga guda goma masu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya.

Sai dai kar tsoron jabu ya sa ka ƙi na gaske. Akwai abubuwa uku da sabon shiga ke ɗauka aibi ne alhali daga gidan bugu suka fito. Na farko lanƙwasa: a Salzburg da Olmütz da garin Hall na Ostiriya an daɗe ana amfani da injin nadi, a tura dogon sirin azurfa tsakanin ƙarafa biyu masu zane sannan a yanke kwandaloli, don haka sukan fito da ɗan lanƙwasa, wasu ma ba su cika da'ira ba. Wallahi kar ka ce za ka miƙe ta da guduma. Na biyu layukan zarto a fuska, waɗanda ma'aikata suka yi tun kafin bugu don rage nauyin da ya wuce ƙa'ida, Jamusawa na rubuta justiert a bayanin gwanjo. Na uku ɗan tsagewa ko ɓawo a jikin azurfar tun asali. Duk suna iya rage farashi kaɗan amma ba sa mayar da kuɗin jabu.

Aibin da ya fi yawa a kuɗin coci shi ne na rataya. Da yake akwai waliyyai da Maryama a jiki, mutanen ƙauyukan Bavariya da Ostiriya sun riƙa huda su ko su lika musu kunne su rataya a wuya ko a sarƙar ado, ana ba yaro kyauta ranar baftisma. Daga baya dillalai suka cire kunnuwan suka goge wurin. Ka duba saman kwandalar daidai inda ƙarfe goma sha biyu yake a fuskar agogo, in ka ga launi ya bambanta ko zanen gefe ya katse to an taɓa. Kalmar da za ka nema a bayanin gwanjo ita ce Henkelspur, sai Felder geglättet wato an goge filin don ya yi santsi, sai gestopftes Loch rami ne da aka cike. Masu kusurwa huɗun nan na Salzburg da ake kira Klippe, waɗanda kowa ke so saboda siffarsu, su suka fi shan wannan wahalar. Ni ban ce kar ka saya ba. In farashin ya sauka sosai kuma an faɗa maka gaskiya, kwandala mai alamar kunne ta fi babu, musamman ta akbishop mai wuyar samu. Abin da ba na so shi ne ka biya kuɗin lafiyayya a kan mai tabo.

Darajar kyau kuma kowace ƙasa da haruffanta. Jamusawa: s, ss, vz, st, daga mai gogewa sosai zuwa wadda ba ta taɓa yawo ba. Italiyawa: MB, BB, SPL, FDC. Kamfanonin Amurka irin NGC da PCGS suna rufe kwandala a roba su ba ta maki daga 1 zuwa 70. Ga mai farawa ss ko BB ya wadatar, ana karanta komai, fuska ta fito, farashi kuma bai tashi sama ba. Tsakanin ss da vz kuɗi na iya ninkawa. Robar NGC tana ba da kwanciyar hankali in daga nesa kake saye, amma ita ma ana yin jabunta, ka shigar da lambar a shafinsu ka ga ko hoton ya yi daidai da abin da ake nuna maka.

Wajen saye fa? Ka manta da mai tura maka hoto a WhatsApp yana cewa an tono a wani tsohon gida. Gidajen gwanjo na Turai su ne hanya: Künker a Osnabrück, Dorotheum da Rauch a Biyana, Frühwald a Salzburg kanta, sannan MA-Shops inda dillalai masu rajista ke baje kaya da farashi a rubuce. Sixbid na tara gwanjo da yawa wuri ɗaya. Kafin ka sa tayi ka shiga acsearch ko CoinArchives ka ga nawa irin wannan kwandalar ta tashi a baya, Numista kuma kyauta ce don duba nauyi da faɗi. Za ka riƙa ganin lambobi kamar Dav. ko KM ko Zöttl ko Probszt a na Salzburg, Muntoni a na Paparoma, lambobin kundin masana ne, da su za ka tabbatar cewa kwandalar da kake kwatantawa iri ɗaya ce da wadda aka sayar bara.

Lissafi kuma ka yi shi tun kafin zuciya ta ɗebe ka. Farashin da guduma ta faɗi a kai ba shi ne abin da za ka biya ba, akwai la'adar gidan gwanjo da takan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga kuɗin aikowa da inshora, ga cajin banki, ga canjin yuro, ga abin da kwastan za su ce. Ka rubuta iyakarka a takarda ka tsaya a kai, domin mintin ƙarshe na gwanjo yana sa mai hankali ya yi wauta. Ka tambaye su tun farko ko suna aikawa ƙasar da kake, ba duka ke yi ba. Italiya kuma tana da doka mai tsauri kan fitar da kayan tarihi, sai an nemi izini kuma yakan ɗauki makonni, shi ya sa wasu masu tara na Paparoma suka fi son saye daga Jamus ko Suwizalan. Rasit da duk wata tsohuwar takardar da ta zo da kwandalar, ko da ɗan guntun kati ne da rubutun hannu, ka adana, ita ce shaidar inda ta fito kuma tana ƙara mata daraja ranar sayarwa.

In Salzburg ba ta kwanta maka ba, akwai wasu hanyoyin da za ka yi wa kanka iyaka. Ɗaya ita ce kuɗin kujera babu kowa, masu rubutun SEDE VACANTE, waɗanda ake bugawa tsakanin mutuwar bishop da zaɓen sabo. A Jamus majalisar limaman cocin ce ke bugawa, galibi da tambarin kowane ɗayansu a zagaye, kamar ta Eichstätt ta 1757 da 1781 da 1790 ko ta Münster ta 1761. A Rum kuwa kadinal, wato babban malamin coci, mai riƙon ƙwarya ne ke sa tambarinsa a ƙarƙashin laima da makullai, a ɗaya fuskar kurciya. Wata hanyar ita ce shekarun jubili na Rum, wato babban bikin coci na duk bayan shekara 25, 1600, 1625, 1650, 1675, 1700 har zuwa 1775, masu hoton ƙofar cocin da ake buɗewa a shekarar kaɗai. Ko ka bi testone na Innocent na 11 masu ɗauke da gajerun wa'azi kan dukiya, akwai mai cewa bayarwa ta fi karɓa, a jikin kuɗi fa. Fiyastarorin ƙarshen ƙarni na 17 da iyalan Hamerani suka sassaƙa, da ta Innocent na 12 ta 1699 mai tashar jirgin ruwan Anzio, a ganina babu kuɗin Turai na lokacin da ya fi su kyau, sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Kuma a ɓangaren Paparoma ka bambance kuɗi da lambar girmamawa, lambobin an sake buga da yawansu a ƙarni na 19 da tsofaffin hatimai, shekarar da ke jiki ba ta nufin komai.

Waɗanda ni suka fi taɓa ni su ne na shekarun 1794 zuwa 1796. Sojojin Faransa sun taso, ana neman kuɗin yaƙi ido rufe, sai bishop-bishop suka kwashe kwanuka da tasoshin azurfa na fada da na coci aka narka aka buga tala. Ta Trier ta 1794 ta rubuta a jikinta cewa daga tasoshin azurfar da limamai da sauran jama'a suka bayar aka yi ta, Bamberg ta yi tata a 1795, Fulda ma haka, Eichstätt a 1796. Shekara ƙasa da goma bayan nan ƙasashen duka babu su. Ba su da yawa, jeri ne da mutum zai iya kammalawa a hankali.

Biyu kuma da zan ce ka yi nesa da su tukuna. Talar 1504 ta Leonhard von Keutschach ta Salzburg, mai hoton wani tushen kayan lambu a tambarinsa, ta gaske ƙalilan ne suka rage a duniya, duk wadda ka gani da araha kwafi ce. Sai kuɗin 1619 zuwa 1623, lokacin da gidajen bugu a Jamus suka yi ta cika kuɗi da jan ƙarfe har darajarsa ta rushe. Suna da tarihi mai daɗi amma ma'aunin nauyi da na ruwa da na ba ka ba za su yi aiki a kansu ba, sai ka ƙware.

Kwandala ta iso hannunka, to kar ka wanke ta. Ba toka, ba lemon tsami, ba man goge baki, ba kai wa maƙeri ya "fito da haskenta". Duhun nan mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi da ke kanta shekaru ɗari biyu ko uku ne suka yi shi, masu saye shi suke biya, kuma goga ɗaya na barin ƙananan layuka da ba sa gyaruwa har abada, farashi ya faɗi warwas. Ka riƙe ta ta gefe, hannu a bushe, a saman tawul ko katifa ko da za ta suɓuce. Wajen ajiya ka nemi kwalbar roba mai tauri da aka yi don kwandala ko ambulan takarda marar asid. Ledar nan mai laushi mai warin sabon takalmi tana fitar da wani abu kore mai danƙo da ke cin azurfa. Kar ka ɗaure da robar kuɗi, sinadarin da ke cikinta na baƙanta azurfa, haka hayaƙin turaren wuta da na girki. Da damina ka sa ƴan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, ka riƙa canzawa.

Ka buɗe littafi ko fayil a waya: ƙasa, sunan bishop, shekara, nauyi, faɗi, lambar kundi, inda ka saya, nawa ka biya gaba ɗaya, da hoton fuska biyu da gefe. Ka ƙara layi ɗaya na azurfa zalla da ke cikin kowace, talar 1566 tana da kusan giram 26, ta yarjejeniya kusan 23.4. Amfanin wannan layin, nisabin azurfa dirhami 200 ne wanda ake ƙiyastawa da wajen giram 595, ka ga tala 23 zuwa 26 sun kai ka can ko da ba ka haɗa da sauran abin da ka mallaka ba. In ka kusa sai ka ɗauki littafin ka kai wa malami ya duba maka yadda zakkar za ta kasance, musamman in kana saye da niyyar sayarwa, domin a nan darajar kasuwa ta fi nauyin azurfar nesa ba kusa ba.